Wurin da Malam Ya Kama Mini a Motar Igiya

Wa ya kamata ya tsaya ya jira wani a ranar nan, ni ko shi? Na tambayi 'ya'yana, sun ce in bar wa Allah. Na tambayi limamin unguwarmu a nan Tudun Ƙofa, ya ce kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare. Amma in na kwanta tambayar tana nan, in na tashi tana nan, kuma wanda zai iya ba ni amsa yana kwance a wani gari da harshena bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba.

Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Rifkatu, 'yar Agwada da ta yi ritaya daga koyarwa, ita ce take rubuta wannan. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Maigidana direba ne. Malam nake ce masa. Ya ja motar haya daga Keffi zuwa Abuja tun kafin a ba mu jiha, tun Mararaba tana 'yan bukkoki da masu sayar da doya. Da ƙarfi ya ragu ya bar sitiyari ya koma zama a tasha, yana cikin dattawan yuniyon, shi ke raba rigimar lodi. Ni kuwa Kwandasta yake ce mini, don tun muna da ƙuruciya duk abin da ya samo a hannuna yake zama. Bai taɓa yawo da jakar kuɗi ba. Ya ce aljihun direba a huje yake.

Ciwon zuciya ya kama shi a hankali. Da farko in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a zaure ya huta. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura, kwanciya ta gagara sai a jingine. A Abuja aka haɗa mu da wani ejan mai kai marasa lafiya ƙasar Turawa. Ya ce can za a buɗe ƙirjin a gyara, Malam ya dawo yana gudu. Akwai gonar gado da Malam yake da ita a hanyar Gitata, wadda mutanen Abuja suka daɗe suna zuwa da manyan motoci suna tayawa, yana korarsu. Ita aka sayar. Ranar da aka zo kafa duwatsun iyaka bai je ba.

Ba zan yi maganar jirgi ba. Mun sauka.

Ejan ya ce wani zai tare mu da allo mai sunanmu. Mun tsaya a inda ake tarbar mutane har masu allo suka watse. Kafin mu fito wurin ne ma'aikata suka buɗe jakata suka kwashe daddawa da kilishin da na ƙunso, wata ta riƙe ƙunshin daddawar da yatsu biyu nesa da hancinta. Kuka da garin masara kawai suka bar mini. Malam ya kira lambar ejan, tana shiga ba a ɗauka. Daga ƙarshe ya nuna wa wani mai tasi takardar masauki muka shiga.

Muna tafe Malam ya taɓa ni da gwiwar hannu.

"Kwandasta, kin ga gadar nan?"

"Na gani."

"Mun wuce ta ɗazu. Zagaye yake yi da mu."

"To ka yi masa magana mana."

"Da wane baki?"

Sai ya jingina ya rufe ido. Mutumin da in ya ɗaga murya a tasha yaran mota suke ɓuya, ga shi ana cutarsa da sana'arsa, ya gani, ya kasa cewa komai. A ranar na fara jin tsoron tafiyar nan.

Masaukin da ejan ya ce yana jikin asibiti, da kicin da komai, ɗaki ɗaya ne a saman bene, ba lifta. Malam ya hau yana tsayawa, ni ina bayansa da hannuna a gadon bayansa. Da muka kai sama leɓensa ya canza launi. Mai gidan wata tsohuwa ce mai gajeren farin gashi, ba ta dariya. Ta tsaya a ƙasa tana kallonmu har muka ƙule. Washegari ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ɗauki jakarmu, ta sauka da ita. Na bi ta ina cewa a zuciyata korarmu za ta yi. Ashe ɗakin ajiyarta na ƙasa ta kwashe, ta sa gado, ta kunna abin ɗumama ɗaki. Har muka bar gidan ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba. In na tuƙa tuwo ina ajiye mata malmala ɗaya a ƙofa. Ban sani ba ko tana ci, amma kwanon yana dawowa a wanke.

Garin ba a gaisuwa. Ka haɗu da mutum a ƙofa, kafaɗarku ta gogi juna, ya wuce kamar ya wuce bango. Ba kiran salla, sai wayar Malam ce ke gaya mana lokaci. Ba akuya, ba kaza, ba mai talla. Nakan zauna bakin taga ina ƙoƙarin tuno hayaniyar kasuwar Keffi, har masu okada da nake zagi na yi kewarsu.

A asibiti aka ce sunanmu yana nan, amma na ganin likita ne kawai, ba wanda ya yi maganar aiki. Ranar ce ta ƙarshe da lambar ejan ta shiga. Muna zaune a dogon benci ina ce wa Malam mu koma gida haka nan, sai na ji an ce daga bayanmu:

"Salamu alaikum. Baba, daga wane gari kuka hito?"

Na juya na ga baƙin mutum, magidanci, da rigar ma'aikata, yana tura keken marasa lafiya. Wallahi ban san lokacin da na kama hannun rigarsa ba. Sunansa Idrisa, mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a can yana wannan aiki. Daga ranar ya zama bakinmu da kunnenmu. Shi ya nuna mini shagon da ake samun naman halal, shi ya riƙa shiga da mu wurin likita in ya samu sarari.

An yi ta gwaje-gwaje, mako ya bi mako. Ranar da za a faɗi sakamako, likitar mace ce, ta zana zuciya a takarda tana magana a hankali. Idrisa ya saurara, sai ya sunkuyar da kai yana gyara wuyan rigarsa.

Malam ya ce, "Idrisa, kada ka yi mini kwana. Injin ya buga?"

"Baba, ta ce ya yi rauni ƙwarai. In an kwance shi ba zai ɗauru ba."

"To. Sai me?"

"Magani za su ba ka. Ka koma gida ka huta. Ta ce ban da ɗaukar kaya, ban da sauri, ban da hawan matakala ko kaɗan. Ta maimaita wannan."

Malam ya gyaɗa kai, ya yi wa likitar godiya da Hausa. Ni ce na yi kukan.

A doguwar barandar asibitin akwai wata taga da take kallon dutse a tsallaken kogi. Duk zuwanmu Malam sai ya tsaya a nan, ni ina zaton hutawa yake yi. Ranar ya ce in zo in gani. Wata 'yar mota ce kamar taragon jirgin ƙasa, ja, tana hawa jikin dutsen a miƙe, wata irinta tana saukowa.

"Idrisa, wane irin inji ne a cikin abin can da yake cin wannan hawa ba ya haki?"

"Ba ta da inji, Baba. Igiyar ƙarfe ce ke jan ta daga sama. Su biyu ne a igiya ɗaya, in wannan ta hau, waccan ta sauka. Tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi kakanninmu. Baƙi daga ko'ina suna zuwa shiga."

"Direban fa?"

"Babu direba a ciki."

Malam ya yi dariya, dariyar farko tun saukarmu. "Akwai shi. Ɓoye shi suka yi."

Daga ranar ba shi da zance sai motar igiya. Saura kwanaki kaɗan mu tashi, ni ina ɗaure kaya, shi yana shirya tafiya kamar zai kai amarya Legas. Kullum Idrisa ya zo sai ya tsare shi da tambaya. Wace rana ce ba cunkoso? Da wane lokaci rana take ɗumama wurin? Wane ɓangare ake zama a ga gari sosai? Wa ke shafa wa igiyar giris? In ta tsinke akwai birki? Daga tashar bas zuwa ƙofar akwai hawa? Idrisa ya je da kansa ya duba, ya dawo ya ce shimfiɗe ne har cikin motar, a sama ma akwai benci kusa da ƙofa.

Na ce, "Malam, likita ta ce ka huta."

"A zaune zan hau, a zaune zan sauko. Wane hutu ya fi wannan?"

"Mu dai mu koma gida lafiya."

"In koma in ce wa 'yan tasha me? Na sayar da gonar ubana na je na ga silin asibiti?" Sannan ya ce, "Ke kuma tun da na aure ki ban taɓa ɗaukarki a mota don ki ga gari ba. Daga gaisuwar mutuwa sai suna. Bari in kai ki wuri ɗaya da ba wanda ya mutu."

Na ci gaba da ɗaure kayana.

Idrisa ya sayo mana tikiti biyu, kowane na hawa da sauka, ya ba kowa nasa. Na ƙulle nawa a bakin zane. Da shi za mu je, amma da safen ranar ya kira ya ce wani abokin aikinsa bai zo ba, an riƙe shi. Ya ce mu bari sai gobe. Malam ya riga ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka, ya karya hula.

"Gobe ranar awon kaya ce. Ka gaya mini lambar bas kawai."

"To Baba, ku kula, motar nan da lokaci take tashi."

"Haka ake faɗa a kowace tasha," in ji Malam.

Mun isa lafiya. Akwai wata 'yar ƙofa ta ƙarfe da ake nuna wa tikiti, ta yi koren haske ta buɗe. Wata ma'aikaciya mai shuɗiyar riga ta nuna mana yadda ake yi. Motar tana tsaye, ƙofa a buɗe, cikinta katako ne mai sheƙi, kujerun hawa-hawa. Mutum uku ko huɗu ne kawai a ciki. Malam ya zaɓi kujerar ƙasa mai kallon gari, ya zauna, ya shafa katakon da tafin hannu.

Lokacin shan maganinsa ya yi, gorar ruwanmu kuma ba komai. Akwai famfo a ƙarshen dandamalin, ana ganinsa daga inda muke.

Ya ce, "Je ki ɗebo. Na kama miki wuri." Ya cire hularsa ya ɗora a kujerar da ke gefensa.

"Kada ta tashi fa."

"Motar da ko rabi ba ta yi ba? Ina za ta? Je ki, Kwandasta."

Ni ma haka na sani. Duk rayuwata ban taɓa ganin motar haya ta tashi da kujeru a buɗe ba, ban kuma taɓa ganin an bar matar da mijinta ya kama mata wuri ba. Na tafi da jakata a kafaɗa. Maganin yana ciki, da kuɗin, da wayar.

Gorar ba ta cika ba na ji ƙararrawa. Na juya, ƙofar tana rufe kanta. Na ga Malam ya miƙe yana dukan gilashi, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa: "Direba! Tsaya! Akwai fasinja!" Motar ta ja, ba ƙara, ba hayaƙi. Na bi ta da gudu ruwa yana zuba a zanena har dandamalin ya ƙare.

Can sai ga ɗayar ta sauko, ta buɗe. Ma'aikaciyar ta zo ta kama hannuna tana nuna mini ciki, tana nuna sama, tana murmushi. Na tsaya a bakin ƙofa. Zuciyata ɗaya ta ce tsaya a nan, zai dawo. Ɗayar ta ce mutum yana can sama ba magani, ba hula, ba ya jin yaren kowa. Ƙararrawa ta yi ƙara, na shiga.

Malama, dakata kaɗan.

To. A tsakiyar dutsen hanyar ta rabu biyu, inda motocin suke wuce juna. Na ɗaga ido sai ga jar motar tana saukowa, ga Malam a tsaye jikin gilashi, kansa ba hula. Ya gan ni, na gan shi. Tsakaninmu bai fi a miƙa hannu ba. Ya buɗe baki, ban ji komai ba. Sai ya ɗaga tafin hannu ya danna shi ƙasa, irin alamar da yake yi wa direbobi a tasha in yana so su tsaya inda suke. Ya nuna sama, ya sake danna hannun. Igiyar da take hawa da ni ita take sauka da shi. Na bi shi da ido har ya zama ɗan ƙarami.

Na fita a sama na zauna a bencin da Idrisa ya faɗa. Gari yana shimfiɗe a ƙasa, mutane suna ta ɗaukar hoto, ni ƙofa kawai nake kallo. Motarsa ta dawo, mutane suka fito, babu shi. Na leƙa ciki. Hularsa tana nan a kujerar, ba wanda ya taɓa ta. Na ɗauka na fito da sauri kafin ƙofa ta rufe. Ɗayar ta zo, babu shi. Na kwance bakin zanena na duba tikitina, na sake ƙullewa. Ya ce in tsaya. In na sauka kuma yana hawa fa?

Abin da ya faru a ƙasa, daga baya ma'aikaciyar ta gaya wa Idrisa, tana kuka. A ƙasa dole kowa ya fita ya sake shigowa ta 'yar ƙofar ƙarfen nan, tikitin Malam kuwa ya ƙare, ya hau da shi ya sauka da shi. Ya nuna wa ƙofar, ta yi jan haske. Ya sake nunawa, ta sake yin ja. Ya laluba aljihunsa, ba komai. Matar tana can tana taimakon wasu masu keken jariri, ta ce da ya zo ya taɓa ta da ta buɗe masa. Amma Malam ya yi shekara da shekaru yana sauke wanda ba shi da kuɗin mota, bai taɓa shiga motar wani bai biya ba. Ta ce ta gan shi ya tsaya kaɗan, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya nufi matakalar da ke bi ta gefen hanyar.

Ni ban san da matakalar ba sai da na ji wasu suna magana da ƙarfi suna leƙa ƙasa ta bayan bencina. Na tashi na leƙa. Matakala ce ta dutse, tana lanƙwasa cikin itatuwa har ba a ganin ƙarshenta. Ga furfurar Malam. Yana riƙe da ƙarfen gefe da hannu biyu, yana ɗaga ƙafa ɗaya, ya jawo ɗayar, ya tsaya. Wani Bature da matarsa suna gefensa suna yi masa magana, yana girgiza kai.

Na yi ihu, "Malam, zauna a nan! Ga ni nan zuwa!"

Ya ɗago ya gan ni, ya sake yi mini alamar nan da hannu. Ban bi ba wannan karon. Na sauka na shiga ƙarƙashin hammatarsa, Baturen ya kama ɗaya gefen, muka ƙarasa da shi 'yan matakalun da suka rage, don ya ƙi zama a kan hanya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, jikinsa kuma sanyi kamar randa.

Muka zaunar da shi a benci. Na sa masa hularsa. Na ɓare maganin na sa masa a baki, na kafa masa gorar, ruwan ya gangaro ta gemunsa. Matar Baturen tana waya da sauri-sauri. Malam ya jingina da kafaɗata yana jan numfashi da ƙyar, idonsa a kan garin, kogin da gadojin da rufin gidaje ja.

Ya ce, "Kin gani?"

Na ce na gani. Ban ga komai ba, fuskarsa nake kallo.

Masu motar asibiti sun zo, sun yi abin da za su iya a nan ƙasa a gaban mutane. Idrisa ya iso da rigar aikinsa. Shi da mutanen wani ƙaramin masallaci, 'yan ƙasashe daban-daban da ban san ko ɗaya ba, su suka yi masa wanka da salla, suka kai shi. Tsohuwar mai gida ta raka ni har bakin tasi ranar da zan tafi, ta riƙe fuskata da hannu biyu. Na dawo ni kaɗai, kujerar gefena a jirgi ba kowa. Babban ɗanmu ya tare ni a Abuja. Da muka wuce tashar Keffi na ga dattawan yuniyon sun miƙe tsaye, na rufe fuskata da mayafi.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta tambayata ko ya bar wasiyya, ko ya yi maganar gida, ko ta yara. Bai yi ba. Bayan ya tambaye ni ko na gani, ya yi shiru har na zaci shi ke nan. Ƙararrawar motar ta yi ƙara a bayanmu. Sai ya motsa, ya laluba hannuna ya riƙe, ya ce:

"In za ki sauka, ki shiga motar. Kada ki bi ta inda na biyo, akwai nisa."